Rasuwar Zakanya, Taraktar da Aka Ɗinka wa Riga

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da farata masu cike da baƙin man da sabulu ya kasa fitarwa, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da waɗanda dariya ta hana su cin abinci tun shekaranjiya, rasuwar ƙaramar taraktata, sanyin idona, wadda na raɗa wa suna Zakanya, wadda kuma yayana ya fi sani da Keken Ɗinki. Ta cika ranar Talata da hantsi a gonar mahaifinmu, garma a bayanta, fuskarta na duban gabas, bayan gajeriyar jinyar da ba ta kai tsawon shan kofin shayi ba. Ta rasu tana da shekara goma sha tara a duniya, da kwana talatin da ɗaya a hannuna. Masana sun tabbatar cewa kwana talatin da ɗayan nan su suka fi ba ta wahala.

Ga wanda bai san yadda muka haɗu ba, ga asalin zancen. Baba ya rasu bara, ya bar mana eka huɗu a bayan gari, da bishiyar mangwaro tara, da rijiya, da ɗaki ɗaya mai rufin kwano, da wani kwari can ƙasa inda ruwa yake kwanciya. Saboda doguwar jinyarsa, damina biyu ba a sa wa gonar ƙarfe ba, ciyawa ta kai kafaɗa. Maƙwabcinmu na yamma, Mai Bulo, ya daɗe yana kallon wurin kamar yadda kyanwa ke kallon kifi a faranti, yana so ya share ya jibge yashi da siminti. Yaya ya ce a sayar a huta. Ni kuwa, Auta, na miƙe a taron gida na yi jawabi na minti arba'in a kan ƙasa da gado da ƙamshin ruwan farko, na haɗa da duk abin da na taɓa karantawa game da mutumin da ya koma gona ya tsinci kansa. Umma tana ninke wanki tana saurare. Da na gama sai ta ce, "Na ji, Auta. Idan ruwan farko ya sauka a kan ƙasa nomammiya daga iyaka zuwa iyaka, gona ta zauna. Idan ya sauka a kan ciyawa, a kira Mai Bulo." Yaya ya ce, "Umma, wannan da ko tukunyar fure bai taɓa rayarwa ba?" Ta ce ta gama magana.

Na sayar da babur ɗina da kwamfutata, na ɗauki Bakanike, tsohon aminin Baba, muka tafi filin da ake sayar da tsofaffin taraktoci. Wajibi ne in faɗi gaskiya a gaban gawa: mutumin nan ya yi iya ƙoƙarinsa. Tun a hanya yake ce mini in dubi gonata kafin in dubi mota. Ya ce gonar da take da kwari tana bukatar wadda take ja da ƙafa huɗu, mai taya mai haƙora, wadda idan ta yi tari za a samu maganinta a shagon da ke kusa, ba sai an yi wasiƙa ƙetare ba. Da muka isa ya kai ni gaban wata mummuna, launin toka, mai ido ɗaya, an ɗaure kujerarta da waya. Ya buga bayanta da tafin hannu ya ce, "Wannan har jikanka sai ya gaji da ita."

Ban ji ƙarshen maganar ba, domin a lokacin na hango ta.

Tana can lungu ita kaɗai, ja jawur, hasken rana ya sauka a goshinta. 'Yar ƙarama, tsaf-tsaf, tayoyinta sumul kamar ba su taɓa taka ƙasa ba. Daga baya na gane lallai ba su taɓa ba, don duk rayuwarta aske ciyawar wani otal ta yi. Na karanta a wurare da yawa cewa zuciya takan gane nata kafin ido ya gama kallo, ban taɓa yarda ba sai ranar. Dillali ya ce tana da ƙarfin doki goma sha takwas. Har ta koma ga ƙasa ina neman goma sha bakwai daga cikinsu. Ya rantse cewa ba ta taɓa ganin taɓo ba, kuma wannan ce gaskiya ɗaya tilo da ta fito daga bakinsa a yinin. Bakanike ya tambaye shi, "Kayan gyaranta fa?" Dillali ya yi murmushi ya ce, "Baba, abin da ba ya lalacewa me zai yi da kayan gyara?" Na ji amsar ta yi mini daɗi har na rubuta ta. Bakanike ya dube ni, ya dubi sama, ya ce Allah ya jiƙan abokinsa da bai ga wannan rana ba, ya tafi ya hau motar haya shi kaɗai.

Marigayiya ta kasance mai kyawawan halaye, kuma ina roƙon masu gulma su yi shiru har in gama. Mai natsuwa ce. Ba a taɓa ganin ta tana gaggawa ba, har akwai ranar da kaza da 'ya'yanta suka wuce mu a kan hanya, ba ta ji haushi ba. Mai kunya ce ƙwarai, idan akwai baƙo a wurin ba ta tashi, musamman idan baƙon Yaya ne. Sai in murɗa makulli ta ce, "Kir-kir-kir... kir...," ta yi shiru kamar mai jin nauyin suruki. Da zarar ya juya baya ya kai bakin hanya, sai ta ce, "Tuf! Tuf-tuf-tuf-tuf," cikin muryar da ko a mafarki na ji zan gane. Mai tsafta ce, domin duk inda ta hangi laima sai ta tsaya cak, tayoyinta na baya su yi ta juyawa wuri ɗaya, ta watsa mini taɓon a baya, ita ko ɗigo bai taɓa ta ba. Ba ta da rowa: duk inda ta kwana sai ta bar wa ƙasa ɗan baƙin mai.

Amma kada a ce ba ta yi komai ba. Nan kam ba wasa nake ba. Kashi uku cikin huɗu na gonar nan ita ta nome shi, taku-taku, da ƙaramin ƙarfinta. Safiyar da garma ta fara shiga ƙasa ta kifar da ita, wani ƙamshi ya taso, irin wanda yake jikin rigar Baba idan ya dawo da yamma ya rataye ta a bayan ƙofa. Na kashe inji na kifa kaina a kan sitiyari na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi. Ba wanda ya gani sai ita, kuma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Wanda ya taɓa samun aboki irin wannan ya san abin da na rasa.

A cikin wannan farin cikin ne na yi abin da zan ambata saboda yana da alaƙa da jana'iza. Maƙwabcinmu na gabas, Mai Shanu, dattijo ne da yake noma da bijimai biyu tun kafin a haife ni. Wata yamma na tsaya a bakin shinge na karanta masa wata waƙa da na rubuta, mai baiti goma sha biyu, wadda take bayyana cewa zamanin kofato ya shuɗe, zamanin ƙarfe ya keto kamar alfijir. Ya saurara har ƙarshe yana jingine da sandarsa. Ya ce, "Madalla, ɗana." Bijiman suka ci gaba da tuƙa.

Ciwon ajali ya faro ne daga ƙauna. A mako na uku muka kusanci kwari, inda ƙaya ta yi yawa, wani reshe ya karce ta a kumatu, jan fentin ya ɗaye kamar tsawon ɗan yatsa. Abinci bai shiga cikina ba ranar. Washegari na ɗauko tef na auna ta, tsawo da faɗi da ƙugu, Umma tana zaune a ƙofar ɗakin gona tana kallona. Na kai awon wurin Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda take ɗinki. Na zaɓi yadi shuɗi mai kauri, na ce a yi masa shafi a ciki don kada ya goge fenti, a rufe ta tun daga hanci har gindin sitiyari. Gwaggo ta sauke tabarau ta ce, "Ta kwana ce ko ta fita unguwa?" Na ce duka biyun. Ta ce to bari ta sa mata leshi a baki, tunda abin ya zama haka. Ban gane zolaya ba ce sai da na ga leshin, kuma da na gan shi ya yi mini kyau.

A nan ya kamata in yi wa masu karatu bayanin da ni ba wanda ya yi mini, ko kuma an yi mini ina kallon wani wuri. A goshin tarakta akwai wata raga. Ni na ɗauka ado ce. Ashe ta nan iska take shiga ta sanyaya lagireto, lagireto ya sanyaya inji. Akwai kuma wani ɗan agogo a gaban direba, mai allura, wanda yake nuna zafin jikinta. Wurin da agogon yake ya yi daidai da girman littafin da nake rubuta waƙoƙina, kuma yana da ɗan tudu da yake hana littafi zamewa. Duk wanda ya ƙera wurin bai yi tunanin marubuta ba, ko kuma ya yi tunaninsu fiye da kima.

Kwana uku ta yi aiki cikin rigarta, da sanyin safiya, sa'a ɗaya-ɗaya. Nakan ji ɗan ƙauri kamar an manta dutsen guga a kan kaya, sai in ce ƙamshin sabon yadi ne. Ranar Litinin da yamma hadari ya leƙo ta gabas, ya tsaya ya dube mu, ya koma. Ranar Talata na fito da niyyar sai na gama kwarin nan ko da me. Ƙasar wurin mai nauyi ce, rana ta buɗe, na taka ta iya takawa. Muryarta ta sauya daga "tuf-tuf-tuf" ta koma "tak-tak-tak-tak," ni kuma ina tsakiyar neman kalmar da za ta rufe wani baiti, sai na ɗauka bugun zuciyarta ne ya zo daidai da nawa. Wani farin tururi ya fara fitowa ta ƙarƙashin leshi. Wallahi abin da na rubuta a littafin a wannan minti yana nan, kowa na iya zuwa ya gani: "Ƙasa tana numfashi." Sai ta yi wata girgiza, ta ce, "Fssssss...," ta daɗe tana faɗa, sannan a hankali, kamar mai neman gafara, ta ce, "Ƙwal."

Na ɗaga littafin. Allurar tana kwance a cikin ja, kamar wanda ya yi ta ihu har muryarsa ta dishe.

Bakanike ne ya duba gawar. Ya zo da azahar, ya zagaya ta sau ɗaya, ya kama bakin leshin da yatsa biyu ya ɗaga kamar mai ɗaga mataccen ɓera. Ya ce, "Wa ya yi mata lulluɓi?" Na ce ƙaya ce take karce ta. Ya ce, "Auta, ta nan take numfashi. Ka toshe mata hanci, ka ɗaura mata garma, ka ce ta yi gudu. Gona ba ka auna ba, amma ka auna ƙugun tarakta." Ya buɗe injin ya leƙa, ya ce kan ya tsage, cikin ya ƙone ya haɗe. Na tambaye shi ko za a samu wani kan. Ya ce in je in tambayi mai cewa ba ta lalacewa. Na ce to yanzu me za a yi mata? Ya goge hannunsa da rigar da Gwaggo ta ɗinka, ya ce, "Rubuta mata waƙa. Ai nan ka fi ƙarfi." Wanda bai ji bari ba ya ji hoho, na sani, ba sai kowane mai zuwa gaisuwa ya sake tuna mini ba. Mutum bakwai sun riga sun yi.

Ta rasu ta bar garma guda, wadda har yanzu take maƙale da ita ta ƙi yarda da abin da ya faru. Ta bar rabin jarkar man dizal, da makulli mai ɗaure da jan zare, da littafin bayani cikin wani harshe da ko malamin makarantar unguwarmu ya ce bai san ta inda ake fara karanta shi ba. Ta bar rigarta, wadda ta fita lafiya ƙalau, ko zare bai tsinke ba, abin da ya sa Gwaggo take gaya wa kowa cewa ɗinkinta ya fi injin ƙarko. Ta bar ni. Sannan ta bar kashi ɗaya cikin huɗu na gonar Baba, kwarin nan kusan gaba ɗayansa, ciyawa tsaye tana kaɗawa, hadari kuma yana haɗuwa kowace yamma yana matsowa.

Iyalai suna godiya ga duk waɗanda suka zo ta'aziyya. Godiya ta musamman ga Yaya, wanda ya bar aikinsa ya zo, ya tsaya a kan gawar ya cije leɓe don kada kuka ko wani abu mai kama da shi ya kuɓuce masa, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka yi haƙuri, Auta. Ko ba komai ta mutu da suturarta." Muna kuma godiya ga Mai Bulo da ya rako shi, wanda jimami ya hana shi zama, ya yi ta tafiya daga wannan iyaka zuwa waccan da dogon taku, leɓunansa suna motsi. Yaya ya ce addu'a yake yi. Ban san addu'ar da ake tsayawa a tsakiyarta a rubuta lamba a tafin hannu ba, amma Allah ya karɓa.

Sai maganar ɗaukar gawa. Ba a barin ta a tsakiyar kwari, kuma babu motar da za ta shiga wurin. Na yi ta juya abin a raina, na ga hanya ɗaya ce, kuma ta bakin shingen gabas ta bi. Na je na yi sallama. Mai Shanu ya ji bukatata har ƙarshe, yadda ya ji waƙata, sannan ya ce, "Waɗanne shanun? Waɗanda zamaninsu ya shuɗe?" Na sunkuyar da kai. Ya ce shi bai riƙe ni ba, amma ba shi aka yi wa waƙar ba. Saboda haka, jama'a, ni da na karanta littattafai har idona ya nemi tabarau, na tsaya a gaban bijimai biyu na cire hula na ba su haƙuri. Ɗayan ya lashi hancinsa. Dattijon ya ce an karɓa. Ya ƙara da cewa tunda za a ɗaura musu karkiya, bayan sun ja gawar za su iya kifar da buɗaɗɗen wurin. Amma tsakanin bishiyoyi da lungun da ya fi taɓo, garmar shanu ba ta juyawa, sai hannu, sai fartanya, kuma hannu biyu ba za su gama shi kafin ruwa ba.

Da wannan labarin na je wa Umma jiya da la'asar. Yaya yana wurin. Na durƙusa na ce na kasa, tarakta ta mutu, kuma ni na kashe ta. Na ce idan sharaɗin ya faɗi ta gaya mini in daina wahalar da shanun mutane. Na shirya jawabi, amma wannan karon na bar shi a aljihu. Ta dube ni ta ce, "Na ce ƙasa nomammiya. Ka ji na ce da me?" Ta tashi ta shiga ɗaki, ta sunkuya ƙarƙashin gado, ta jawo fartanyoyin Baba guda biyu. An wasa bakinsu yana ƙyalli, an sa musu sababbin ƙotoci, itacen ko duhu bai yi ba. Na ce, "Umma, yaushe?" Ta ce, "Ranar da na ga kana auna ƙarfe da tef na aika su wurin maƙeri." Ta miƙa mini ɗaya. Ta miƙa wa Yaya ɗayar ta ce, "Wannan ta mai dariya ce. Har ruwa ya sauka gonar ubanka ce kai ma." Yaya ya juya ta, ya gwada nauyinta, ya ce ƙotar ta yi masa gajarta. Bai ajiye ta ba. Da zai tafi na ga ya sa ta a bayan motarsa.

Za a yi jana'izar marigayiya gobe Juma'a da sassafe, da zarar gari ya yi hasken da mutum zai bambance ciyawa da ƙafarsa. Bijimai biyu za su ja ta daga kwari zuwa gindin mangwaro na uku, inda za ta kwanta har abada, kaji su samu wurin hawa, ni in samu wurin zama. Rigarta za a rufe buhunan iri da ita, aikin da ya kamata ta yi tun farko. Bakanike zai ce wani abu, an roƙe shi ya taƙaita. Ba za a karanta waƙa ba, iyalai sun haɗa baki a kan wannan. Mai Bulo na iya zuwa, amma ya bar biro a gida. Duk mai son yi mini ta'aziyya kada ya kawo fure, kada ya kawo nasiha, na samu wadda za ta ishe ni har tsufa. Ya zo da fartanya da takalmin da ba ya tsoron taɓo, a same ni a kwari, layi na farko nawa ne, na biyu na Yaya. Wanda kuma ya ji tsawa kafin lokacin, kada ya tsaya jiran a ɗauki gawa. Ta iya jira, ta saba. Ya saɓo fartanyarsa ya taho a guje.